Tambayoyinku: Bishiyar ƙofar gida, ta mai gida ce ko ta gwamnati?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka cika mana akwati kusan duk a kan bishiya suke, ƙila saboda zafi ya fara gasa mutane kowa ya tuna da inuwa. Wasu na son sarewa an hana su, wasu an sare musu ba a tambaye su ba, wasu kuma dasawa suke son yi suna tsoron kada gobe wani yazo da takarda yace fili nasa ne. Na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, kuma na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Akwai darbejiya a ƙofar gidanmu, marigayi mahaifinmu ne ya dasa ta da hannunsa tun ina firamare, yanzu saiwarta ta fasa mana katanga har ta fara ɗaga dakalin waje. Na kira mai injin yankan katako zai zo ya kwantar da ita, sai maƙwabcina yace wai in na sare za a kama ni a ci ni tara. Toh ni abin ya ɗaure min kai, bishiyar ubana a ƙofar gidan ubana, ina ruwan gwamnati?
Magidanci daga Kano

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ta zame masa sadaka mai gudana. Amma maƙwabcinka bai yi maka ƙarya ba, kuma ka gode masa da ya faɗa maka kafin inji ya fara kuka.

Abu na farko ka ɗauko takardar filin gidan ka duba inda iyakarku ta tsaya. Galibi katanga ita ce iyaka, duk abin da ke wajenta, dakali ne, lambatu ne, ko wannan ɗan filin da ke tsakanin gida da kwalta, hanya ce ta jama'a ko da kuwa shekara 40 kuna share wajen kuna shimfiɗa tabarma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, filayen cikin birni yana kula da su kai tsaye, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su. Sannan kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na 4, ya lissafa tituna da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen da aka bari a buɗe, har da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kaga kenan Baba ya dasa ta amma a filin jama'a ya dasa, ladan nasa ne, hukuncin sarewa kuma ba na magada kaɗai ba ne.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne a Najeriya harkar gandun daji ta jihohi ce, babu wata doka guda ɗaya da za ka ɗauka daga Sakkwato ka yi aiki da ita a Yola. Yawancin jihohin Arewa sun gaji tsohuwar dokar gandun daji ta Jihar Arewa wadda ita ma asalinta tun zamanin Turawa ne, lokacin da En'e ke da malaman daji da dazuzzukan da ta keɓe, daga baya kowace jiha ta yi nata gyaran, wata ta yi da gaske wata kuma ta bar tarar da aka rubuta tun lokacin da naira take naira. A Legas akwai hukuma guda ta musamman mai kula da lambuna da bishiyoyin titi da aka kafa da dokar 2011, wanda ya sare ba izini yana fuskantar tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 1, kuma a sa shi ya dasa guda 5 a madadin kowace ɗaya. A Abuja sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ne ke ba da izini. A nan Kano ɗinku kuma, a 2025 gwamnatin jiha ta bakin ma'aikatar muhalli ta sanar da hana amfani da injin sare bishiya ba tare da lasisi ba, da kuma neman izini kafin a sare, toh kaga kai da mai injin duka kuna iya shiga ciki, shi a ƙwace masa inji kai a ci ka tara.

Abin yi ba wani mai wahala ba ne. Ka fara da mai unguwa, ba dan shi ke ba da izini ba, sai dan shi ne shaidarka in magana ta taso. Ka ɗauki hoton katangar da waya, ka rubuta 'yar gajeriyar takarda zuwa sashen noma da albarkatun ƙasa na ƙaramar hukumarku ko ma'aikatar muhalli, malamin daji zai zo ya gani da idonsa. Duk abin da aka ce ka biya ka karɓi rasit, izinin kuma ya zama a rubuce, kada ka yarda da “je ka sare kawai ba komai” na baki, domin ranar da wani jami'in daban ya zo wanda ya faɗa maka ba zai tuna ba.

Ni kuma in ra'ayina kake so, kada ka sare ta gaba ɗaya. A haƙa rami mai ɗan zurfi tsakanin katanga da bishiyar, a datse saiwoyin da suka nufi gida, a zuba kankare ya zama shinge, sannan a rage mata rassa ta yi sauƙi. Sai dai a yi hattara, in aka yanke manyan saiwoyi dab da gindi ta ɓangare ɗaya, iskar farkon damina tana iya kifar da ita kan gidan wani, shi ya sa nace malamin daji ya gani tukuna. Darbejiyar da ta kai wannan girman ba za ka sake samun irin inuwarta ba sai ka jira shekaru, kuma ɗakin da ke ƙarƙashinta kai ka san bambancinsa da sauran ɗakuna a watan Afrilu.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Mu nan wajenmu gawo yana cikin gonata, ni na bar shi ya tashi tun yana ƙarami, amma in zan sare reshe in ba dabbobi sai gabana ya riƙa faɗuwa kada ma'aikacin gandun daji ya gan ni. Shin icce da ke cikin gonar mutum ma na gwamnati ne?
Manomi daga jihar Maraɗi, Nijar

Amsa: Baba wannan tsoron naka yana da tarihi, ba kai ka ƙirƙire shi ba. Dokar gandun daji ta Nijar ta 1974 ta lissafa itatuwa 15 da aka hana sarewa ko illatawa sai da izini, ciki har da gawo, kuka, tsamiya, kaɗanya, ɗorawa, goriba, giginya, aduwa, maɗaci, madobiya, bagaruwa, danya da gawasa, kuma yadda aka riƙa aiki da ita a ƙauyuka, ko a gonarka icen yake ma'aikaci na iya cin ka tara. Kare gawo ma ya girmi wannan dokar nesa ba kusa ba, a Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun na ƙarni na 19 da tsananin hukuncin da ya sa wa mai sare gawo, wai kai ne a bakin gawo. Kuma sarkin ya san abin da yake karewa, gawo shi ne icen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ganyen da kashin dabbobin da suka kwanta a gindinsa su zama taki, duk manomi ya san geron gindin gawo daban yake.

Toh amma me dokar 1974 ta haifar? Niyya mai kyau ce, sakamakon ne ya zo a karkace. Manomi ya duba ya ga in ya bar ɗan icce ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa ma'aikaci da tara, kuma in wani ya zo da dare ya sare ba shi da bakin magana tunda ba nasa ba ne, sai ya zaɓi ya tumɓuke shi tun yana toho. Haɗe da farin shekarun 1970 da na 1984 da kuma koyarwar malaman gona ta wancan lokacin cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, sai ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi mutum ya yi shuka sau biyu sau uku.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aikin dashen itatuwa a nan Maraɗi, bayan ya ga yawancin dashen da ake kawowa daga gandun reno mutuwa suke, ya lura cewa waɗannan 'yan kalgo da sabara da ake sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan a bari, a datse sauran, a kare su daga dabba da wuta. Shi ne abin da kuke kira sassabin zamani, kuma kai ka fi ni saninsa tunda da shi ka tayar da gawonka. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka bari, amma waɗanda suka riƙe suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Abin da ya sa ya yaɗu da gaske shi ne lokacin da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, manomi ya fara jin cewa icen da ya rena nasa ne, zai ci, zai sayar. Daga baya masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta kadada kusan miliyan 5 da suka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba gwamnati ce ta dasa su ba. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a kan wannan aikin.

Doka ma ta biyo baya a hankali. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin gargajiya a kan gona ta kuma kafa kwamitocin filaye, dokar gandun daji ta Yunin 2004 ta maye gurbin ta 1974 ta raba daji zuwa na gwamnati, na ƙananan hukumomi da na masu zaman kansu, sannan a Yulin 2020 aka fitar da wata doka ta musamman a kan sassabin zamani wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar icen da ya rena. Saboda haka rage reshe dan dabbobi ko dan gero ya sha rana, a gonarka, a icen da ka tayar, ba abin ɓoyo ba ne. Kwantar da gawo gaba ɗaya kuwa wata magana ce daban, yana cikin itatuwan da ake karewa har yanzu, ka je ofishin muhalli na ƙaramar hukumarku ka nemi izini. Kuma dan Allah in za ka datse ka yi da gatari mai kaifi daga ƙasan reshe zuwa sama kada ya tsage ɓawon, kuma kada a yi masa ƙwal-ƙwabo a bar shi ba ganye ko ɗaya.

In garinku ba ku da kwamitin tsaron itatuwa ku duba yadda mutanen Ɗan Saga ta wajen Agye suka yi, sun zauna da manoma da makiyaya da mata suka sa ƙa'idarsu da tararsu da masu zagayawa, domin ɓarawon icce ya fi jin kunyar mutanen garinsu a kan ma'aikacin da ke zuwa sau ɗaya a wata.

Tambaya: Ma'aikatan wutar lantarki sun zo layinmu sun yi wa bishiyoyi aski har wasu sun zama kamar sanda, ba su tambayi kowa ba, kuma suka bar mana rassan a kan hanya. Suna da wannan ikon?
Wata uwar gida daga Kaduna

Amsa: Hajiya suna da ikon rage duk abin da ya kusanci waya, wannan ba gardama, domin reshe ɗanye in ya taɓa waya da damina yana iya kashe yaron da ya jingina da gindin. Ƙa'idar wutar lantarki ta ƙasa ta ware wa manyan layuka fili, mai ƙarfin 330kV faɗin mita 50, mai 132kV mita 30, kuma ba a son dogon icce ko gini a ciki. Amma ikon rage reshe ba lasisin kashe bishiya ba ne, kuma barin rassa a kan titi rashin ya kamata ne kawai. Ku rubuta ƙorafi da sunan unguwa, mai unguwa ya sa hannu, ku kai ofishinsu ku ajiye kwafi, ku nemi su riƙa sanar da ku kafin su zo. Laifin rabi kuma namu ne, mun ga waya a sama muka dasa turare a ƙarƙashinta, icen da kowa ya san sama kawai yake nufa.

Tambaya: Malam ni sana'ata daddawa da miyar kuka. Akwai ɗorawa da kuka a hurumin garinmu da kuma bayan makarantar firamare, tun kakanninmu muna ɗiba, yanzu an samu wasu samari suna kakkaɓe ɗorawar tun ba ta nuna ba su kai kasuwa, in mun yi magana su ce ai ta Allah ce. Wasu kuma suna sassaƙe ɓawon maɗaci na bakin hanya wai magani. Akwai doka a kan wannan?
Mai daddawa daga jihar Katsina

Amsa: Inna sannu da ƙoƙari. Eh ta Allah ce, amma gonar uban yaron ma ta Allah ce, me ya sa ba ya bari a shiga a karya masa dawa tun tana ɗanya?

A al'adarmu hurumi ba fili ne marar mai shi ba, na gari ne, kuma dagaci ko mai gari shi ke riƙe da shi amana, shi ya sa a garuruwa da dama ba a taɓa ɗorawa ko kaɗanya sai an yi shela cewa ta nuna. Wannan tsarin bai saɓa wa dokar gwamnati ba, ko a dazuzzukan da aka keɓe tun zamanin En'e akan rubuta wa mutanen ƙauyukan kewaye haƙƙin tsintar 'ya'yan itace da busasshen icce da ganyen magani dan amfanin gida, abin da aka hana shi ne sara da noma da sa wuta da ɗiba dan kasuwanci ba izini. Ta bayan makaranta kuwa tana ƙarƙashin hedimasta da kwamitin iyaye, ta maƙabarta kwamitin maƙabarta, ba wanda zai hau ba tare da ya tambaye su ba.

Hanya mafi sauri gare ku ita ce ku haɗu ku masu daddawa ku je wajen dagaci, ku nemi a sa ranar buɗe ɗiba kowace shekara, a sanar a masallacin Juma'a da kasuwa, a sa tara a kan wanda ya riga ranar, in son samu ne a rubuta a kai wa hakimi da ƙaramar hukuma su sa hannu ta zama ƙa'idar gari da za a iya kai mutum gaba da ita. Ɗorawar da aka kakkaɓe ɗanya kalwarta ba ta yin daddawar kirki, asara ce ga kowa har shi mai kakkaɓewar.

Maganar maɗaci ta fi damuna. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in aka sassaƙe gefe ɗaya icen na iya warkewa, in aka zagaye gindin gaba ɗaya an yanke wa saiwa abinci kenan, zai tsaya kamar lafiya lau shekara ɗaya ko biyu sannan ya bushe a tsaye, mutane su ce tsufa ne. Manyan maɗatan da ke bakin tsofaffin tituna a Kano da Zariya da Katsina ki duba gindinsu ki gani, da wuya ki samu wanda ba a yi wa rauni ba. A doka illata icen da ake karewa laifi ne kamar sare shi. Masu maganin gargajiya na ƙwarai sun san ƙa'ida, tsiri ɗaya a tsaye, gefe ɗaya, a shafe wajen da laka, a ba shi shekaru kafin a dawo. Kuma ga mai cewa ta Allah ce, a tuna masa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito mai tsananin gargaɗi ga wanda ya sare magarya, wanda shi Abu Dawud ɗin ya yi bayanin cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta a sare ta da gangan ba da haƙƙi ba.

Tambaya: Ku 'yan boko kullum a daina sare itace a daina gawayi. Gas ya fi ƙarfin talaka, kananzir ba a magana, wuta babu. Da me za mu dafa? Ni gawayi nake yi da shi nake ciyar da mutum 9.
Mai gawayi daga jihar Bauchi

Amsa: Ɗan'uwa tambayarka ita ce ta fi kowace gaskiya a wannan watan, kuma duk jami'in da ya hana gawayi da rana ya koma gida aka dafa masa tuwo da gawayi da dare ya san haka. Jihohi da dama a Arewa sun sha sanar da haramta yin gawayi, a kama buhuna a nuna a talabijin, bayan wata biyu manyan motoci su ci gaba da wucewa, abin da ya canza kawai kuɗin da ake bayarwa a shingen hanya. Hani ba tare da madadi ba haka yake ƙarewa.

Amma kai ma ka san abin da ke faruwa a dajin. Da ramin gargajiya sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na icce kafin a samu kilo 1 na gawayi, kuma ba kowane icce kuke so ba, kirya da marke da kaɗanya kuke bi saboda su ne masu nauyi, su ne kuma masu daɗewa kafin su girma. Ka tuna inda kake samun kirya shekara 10 da suka wuce ka gwada da inda kake zuwa yau. Mun ga irin wannan da madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira Madrid, aka riƙa lodinta zuwa Chaina har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, amma kafin nan an riga an yashe dazuzzuka da yawa, kuɗin kirki kuma ba a aljihun masu saran ya tsaya ba.

A doka, sara a cikin dajin da aka keɓe ko gandun namun daji irin Yankari laifi ne kai tsaye, a wajensu kuma sai da izinin sashen gandun daji, in jiharku ta hana gaba ɗaya toh ta hana. Abin da nake ganin ya kamata ku masu gawayi ku nema a ƙungiyance shi ne irin tsarin da Nijar ta kawo a 1992 na kasuwannin icce na karkara, inda aka ba ƙauye ikon dajin da ke kusa da shi, aka ƙayyade yawan da za a sara a shekara, aka raba dajin kashi-kashi ana hutar da wani, harajin kuma a raba tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da gwamnati. Ba cewa nake ya tafi daidai ko'ina ba, an samu inda aka wuce ƙa'ida, amma aƙalla mai sara ya zama mai gadi tunda in dajin ya ƙare shi ne zai fara jin yunwa. Kafin nan, ka bar kaɗanya da ɗorawa kwata-kwata, kuɗin da mata ke samu a jikinsu duk shekara ya fi buhunan da za ka samu sau ɗaya, kuma in ka sara ka bar kututture mai tsayi da zai sake toho kada ka ƙona gindin.

Tambaya: Mu ƙungiyar matasan unguwa ce, muna son dasa bishiyoyi a bakin titinmu da filin idi. Sai mun nemi izini? Kuma wace iri za mu dasa?
Sakataren ƙungiya daga Gusau

Amsa: Madalla da ku samari. Eh ku nemi izini, kuma a rubuce, ba dan za a hana ku ba sai dan kada ku shekara 3 kuna ban ruwa sannan a zo faɗaɗa titi ko jan bututun ruwa a tumɓuke. Titin unguwa na ƙaramar hukuma ne, babban titi na jiha ko na tarayya, ku tambayi hukumar tsara birni inda iyakar titin ta tsaya da inda waya da bututu suka bi. Filin idi kuma ku zauna da kwamitinsa da liman. Dashe kuwa ku fara tambaya a gandun renon ma'aikatar muhalli, Zamfara na cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi ke aiki a cikinsu, hukumar yaƙi da kwararowar hamada da aka kafa da doka a 2015 a ƙarƙashin shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, sau da yawa ana rabon dashe da damina.

Ku sani dasawa ita ce mafi sauƙi a aikin. Nijar tun 1975 take bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, kuma Yamai tana da zoben bishiyoyi da aka fara dasawa a 1965 wanda ya kai kadada kusan 2,500, amma yau an cinye wani babban ɓangarensa da filaye da gine-gine da bola, saboda iyakarsa ba ta da mai tsaron da abin ya dama. Toh ku tun ranar farko kowace bishiya ku ɗaura ta a wuyan mutum ɗaya, mai shagon da ke gabanta, mai shayi, mai faci, mai gidan da take ƙofarsa, a rubuta sunansa a littafin ƙungiya, a gaya masa inuwar tasa ce, in mai 'ya'ya ce shi ke fara ci, sharaɗi kawai ba zai sare ba. Gara ku dasa 50 masu mai su da 500 na ɗaukar hoto.

Ku dasa a Yuli zuwa farkon Agusta lokacin da ƙasa ta sha ruwa sosai, rami kamar rabin mita faɗi da zurfi, a cire ledar kafin a saka, a bar aƙalla mita 3 zuwa 4 daga katanga da lambatu, tsakanin bishiya da bishiya mita 6 zuwa 8. Darbejiya tana jure fari kuma tana saurin yin inuwa shi ya sa ta cika garuruwanmu duk da asalinta daga Indiya take, amma kada ku yi layi duka iri ɗaya, ku gauraya da tsamiya da maɗaci, a filin idi inda akwai sarari ku sa ɗorawa ko ceɗiya, durumi da ceɗiya kada su kusanci gini ko rijiya saboda saiwarsu. Mangwaro sai inda ruwa ke kusa kuma kun shirya wa jifan yara. Kuɗin da kuka tara kashi mafi girma ku kashe shi a kan kariya, kwandon ƙarfe ko da'irar bulo ko ƙaya, domin akuyar gari ba ta san izinin ƙaramar hukuma ba, sannan ku ware na ban ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu na shekara 2 na farko, jarka ɗaya sau biyu a mako ga kowace bishiya ta isa.